Shin Ya Halatta A Yi Wa Ma'aikaci Gwajin Shan Wiwi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya karrama ɗan Adam da hankali. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata magana da ta fara yawa a ma'aikatu da kamfanoni da makarantu, wato yi wa mai neman aiki, ko wanda yake kan aiki, gwajin shan kayan maye, musamman tabar wiwi. Wata za ta ce, to Malama, mu ina ruwanmu, ai wannan maganar maza ce da 'yan ofis? A'a 'yar'uwa, da ruwanki a ciki. Wa yake kai yaranki makaranta kullum safe? Direba ne ko mai a-daidaita-sahu. Wa yake tsaron ƙofar gidanku da dare? In kina da makaranta ko shago ko injin niƙa, ai ke ma mai ɗaukar ma'aikata ce. Ta ɗaya gefen kuma, wanda za a miƙa wa 'yar kwalba a ce ya kawo fitsari, mijin wata ne, ɗan wata ne, ƙanen wata ne. Ranar da aka ce ya faɗi gwaji, tukunyar wata ce za ta daina hawa murhu.

Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Miliyan 10.6 wiwi suka sha. Abin da ya fi tayar da hankali, cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. Shi ya sa hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta yi ta kira da a riƙa yin wannan gwaji, musamman tun da Janar Buba Marwa ya zama shugabanta a 2021. A Kano har 'yan takarar zaɓen ƙananan hukumomi na 2021 sai da aka gwada, aka kuma samu waɗanda suka faɗi.

Hukuncin wiwi

Mu fara share wani ruɗu da matasa suke yi. Za ki ji yaro yana cewa, ai ganye ne, Allah ne ya tsirar da shi, kuma babu sunansa a Alƙur'ani. Ki ce masa inabi ma Allah ne ya tsirar, amma in ya zama giya ya haramta. A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, Allah (SWT) ya haramta giya, ya kuma bayyana dalili: tana haddasa gaba da ƙiyayya, tana kange mutum daga ambaton Allah da salla. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar (RA) hadisin da ya sanya kowane abu mai sa maye a hukuncin giya. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito daga Jabir (RA) cewa abin da mai yawansa yake bugarwa, kaɗan ɗinsa ma ba ya halatta.

Wiwi bai yaɗu a ƙasashen Musulmi ba sai bayan zamanin limaman mazhabobi huɗu, shi ya sa malaman da suka zo daga baya ne suka yi magana a kansa da sunan hashisha. Ibn Taimiyya yana ganin abin maye ne kamar giya, mai shansa a yi masa haddi. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya mai littafin Al-Furuƙ, ya sa shi cikin abubuwan da suke gurɓata hankali, ya ce mai shi ladabtarwa za a yi masa. Kin ga saɓanin nasu a kan irin horon ne, amma babu wanda ya halatta wa mutum ya gusar da hankalinsa da shi. Hankali yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta kare, tare da addini da rai da zuri'a da dukiya.

To amma haramcin abu daban, halaccin binciken mutum a kansa daban. A nan ne asalin tambayarmu take.

Hujjar masu cewa a gwada

Aiki amana ne. Ki duba Suratul Ƙasas, aya ta 26. Lokacin da Annabi Musa (AS) ya shayar wa 'yan mata biyu dabbobinsu a Madyana, ɗaya daga cikinsu ce ta ba mahaifinsu shawarar ya ɗauke shi aiki, ta kuma kafa hujja da abu biyu: ƙarfi da riƙon amana. Ki lura, mace ce Allah ya ambato tana faɗin ma'aunin ɗaukar ma'aikaci. Wanda yake cikin maye kuwa ya rasa duka biyun, domin wiwi yana rage saurin lura, yana rikita awon nisa da lokaci, yana raunana tunani. Direban da ya makara wajen taka burki da ƙiftawar ido, wannan ƙiftawar ita ce ran ɗan wata.

A Janairun 1987 jiragen ƙasa biyu sun yi karo a Amurka, mutum 16 suka mutu, bincike ya nuna direban ɗaya jirgin ya sha wiwi kafin haɗarin. Wannan yana cikin abin da ya sa a 1991 ƙasar ta yi dokar tilasta gwaji ga masu tuƙa jiragen sama da na ƙasa da manyan motoci. Mu kuwa tun kafin wannan muna da hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, wanda ya hana cuta da cutarwa, da hadisin Bukhari da Muslim da ya nuna kowannenmu makiyayi ne da za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Mai makarantar da ta ɗora yara talatin a motar da ba ta san halin direbanta ba, me za ta gaya wa Allah?

Hujjar masu cewa a bari

Su ma suna da abin riƙo mai ƙarfi. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana mu yawan zato, ta hana bin diddigin sirrin mutane, ta hana giba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa an kawo wa Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) wani mutum ana zarginsa da shan giya, sai ya tunatar da su cewa an hana su binciken ɓoye, abin da ya fito fili shi ake kama mutum da shi. Ga kuma hadisin Bukhari da Muslim da ya yi alkawarin rufin asirin Allah ranar ƙiyama ga wanda ya rufa wa Musulmi asiri.

Ta yaya za a haɗa waɗannan hujjoji? Imamu Mawardi, a littafinsa Al-Ahkamus Sulɗaniyya, ya bayyana cewa ɗan hisba ba shi da ikon tono laifin da aka ɓoye, sai fa inda ake tsoron aukuwar ɓarnar da ba ta gyaruwa in ta auku, kamar kisan kai. Wannan ma'auni ya ishe mu. Duk aikin da kuskure a cikinsa zai iya cin rai, kamar tuƙi, riƙe makami, aikin asibiti, sarrafa manyan injuna da renon ƙananan yara, gwaji a cikinsa tsare amana ne, ba tonon asiri ba ne, musamman in an faɗa wa mutum tun farko ya kuma amince, domin Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla. Amma a ɗauki gwaji a mayar da shi sandar dukan wanda ake jin haushi, ko hanyar korar ma'aikaci don a cinye masa haƙƙi, wannan zalunci ne ko da an lulluɓe shi da sunan addini.

Abin da gwajin yake nunawa

'Yar'uwa, yana da kyau ki san yadda abin yake, don kada ki yanke hukunci da jahilci. Sinadarin da yake bugarwa a wiwi, wanda ake kira THC, yana maƙalewa a kitsen jiki, ya riƙa fita a hankali. Wanda ya sha sau ɗaya, ana iya ganin alamarsa a fitsari har wajen kwana uku. Wanda ya daɗe yana sha kullum, takan kai wata guda, wani lokaci ta wuce. A gashin kai takan kai wata uku. Ma'ana, gwajin fitsari yana nuna an taɓa sha ne, ba ya nuna cewa mutum a buge yake a wannan lokaci. Saurayin da ya tuba mako biyu da suka wuce, ya yar da abin, ya koma sahun masallaci, yana iya faɗuwa gwaji.

Sannan ɗan tsinken gwajin gaggawa yakan yi kuskure. An tabbatar cewa wasu magunguna, har da efavirenz da ake ba masu cutar ƙanjamau, sukan sa wasu nau'o'in tsinken su nuna wiwi alhali mutum bai sha ba. Shi ya sa masana suka ce sai an sake tabbatarwa da babban gwaji a ɗakin gwaje-gwaje. Allah kuwa ya umarce mu da tantance labari kafin mu cutar da wasu cikin rashin sani, a aya ta 6 ta Suratul Hujurat.

Sharuɗɗa biyar

Saboda haka, in kina da ma'aikata, ko maigida yana da su yana kuma jin shawararki, ga abin da ya kamata a kiyaye.

Na farko, a faɗi sharaɗin tun ranar ɗaukar aiki, a rubuce in da hali. Kada a yi wa mutum kwanton ɓauna.

Na biyu, a yi wa kowa daidai. In za a gwada direba da maigadi, a gwada manaja da ɗan mai kamfani. Annabi (SAW) ya nuna cewa abin da ya halaka mutanen farko shi ne ƙyale babba in ya yi laifi, a hukunta mai rauni.

Na uku, ma'aikacin lafiya ne zai yi gwajin, a tambayi mutum magungunan da yake sha, a kuma sake tabbatarwa kafin a ce komai. Mace ta kula da mace, namiji ya kula da namiji, a tsare al'aura.

Na huɗu, sakamako sirri ne. Ba labarin gidan biki ba ne, ba na WhatsApp ba ne. Wallahi 'yan'uwa, a nan ne mu mata muka fi buƙatar mu kama harshenmu.

Na biyar, a nufi gyara. A sauke shi daga sitiyari nan take, wannan babu sassauci, amma a biya shi haƙƙinsa cif, a nuna masa hanyar magani, in da hali a ba shi wani aikin da babu haɗari har ya warke. Bukhari ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawowa saboda shan giya, wani ya tsine masa, sai Annabi (SAW) ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. An hukunta shi, amma ba a yar da shi ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Gare ki matar mai sha, ko mahaifiyarsa

Na san akwai mai karanta wannan shafi gabanta yana faɗuwa, domin ta san abin da take tsinta a aljihu ranar wanki. Allah ya yaye miki, 'yar'uwa. Amma ki ji tsoron Allah, kada ƙauna ta sa ki taya shi maguɗi, ko ki ba da fitsarin ƙanensa a kai a madadin nasa. Wannan ha'inci ne, kuma in ya kwashi fasinja ya hallaka su, kina da kamasho a alhakin. Rufin asiri shi ne kada ki tallata shi a dangi da maƙwabta. Ɓoye cuta ga mai magani kuwa ba rufin asiri ba ne.

Ki zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa ki yi masa magana da taushi. In abin ya fi ƙarfinki, ki sa babba guda ɗaya wanda yake jin nauyinsa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da farfaɗo da masu shaye-shaye. Zuwa can ba hauka ba ne, neman magani ne, addini kuwa ya umarce mu da neman magani. Ki guji wuraren da ake ɗaure mutane da mari ana dukansu, irin waɗanda hukuma ta rufe a Kaduna da wasu garuruwa a 2019. Ki haɗa da addu'a a sujada da ƙarshen dare, domin shiriya ta Allah ce.

Allah ya shirya mana mazajenmu da zuri'armu, ya tsare mana hankulanmu, ya ciyar da mu halal, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.