Furfura a Kan Layin Tsere

A ƙarshen shekarar karatu da ta wuce, ranar wasannin makaranta, ɗaliban aji na ƙarshe suka ƙalubalanci malamansu da tseren mita 100. Babu wanda ya tashi daga cikinmu. Wani ya ce gwiwarsa, wani ya ce bai zo da takalmi ba. Ni kuwa murmushi na yi na gyara zaman hulata, alhali a ƙuruciyata ba ni da abin so kamar gudu. Da na koma gida sai na tambayi kaina abin da ya zaunar da ni. Gwiwata lafiya lau take. Tsoro ne ya riƙe ni, kada yara su ga mushe yana haki a bayansu, girma ya faɗi. Tun daga ranar nake juya wannan tambaya: shin ya dace mutumin da shekaru suka fara hawa kansa ya shiga tseren gajeren zango, alhali ya san kowace shekara saurinsa raguwa zai yi?

Mu fara da hujjar masu cewa bai dace ba, don hujja ce mai nauyi. A wurinmu dattaku yana tare da natsuwa. Dattijo sannu yake tafiya, sannu yake magana, kuma in aka hangi babba yana gudu, abin da ake fara tambaya shi ne ko lafiya. Ko a fagen kokawa, gwani na gaskiya shi ne wanda ya san ranar kwance ɗamara, ya koma gefe yana horar da na baya, tun kafin wani yaro ya sa bayansa a ƙasa gaban jama'a. Kowane zamani da mutanensa. Wanda ya ƙi sauka, in ji masu wannan ra'ayi, yana tare wa yara hanya, kuma yana jayayya da tsarin da Allah ya yi wa rayuwa.

Sai dai a wasu ƙasashe an daɗe da buɗe wa dattawa fagensu na kansu. A shekarar 1975 aka yi gasar duniya ta farko ta tsofaffin ƴan guje-guje a birnin Toronto na Kanada, a 1977 kuma aka kafa ƙungiyarsu a ƙasar Suwidin, wadda tun 2001 ake kira World Masters Athletics. A yau daga shekara 35 ake shiga, kuma ana raba mutane rukuni-rukuni na shekara biyar-biyar: 35 zuwa 39, 40 zuwa 44, haka har a haura 100. Ke nan ɗan shekara 60 ba ya tare wa saurayi hanya, da tsararsa yake karawa.

Akwai ma waɗanda suka daɗe a fagen zakaru. Merlene Ottey, haifaffiyar Jamaika a 1960, ta halarci wasannin Olimpik sau 7, kuma a 2012, tana da shekara 52, ta yi wa ƙasar Silobeniya gudun miƙa sanda a gasar Turai a Helsinki. Kim Collins, zakaran duniya na mita 100 a 2003, ya yi wannan zango cikin sakan 9,93 a 2016 yana ɗan shekara 40. A can ƙarshen layi kuma akwai Hidekichi Miyazaki na Japan, wanda a 2015, yana da shekara 105, ya gama mita 100 cikin sakan 42,22. Usain Bolt a 2009 cikin sakan 9,58 ya yi shi. Tsakanin waɗannan lambobi biyu rayuwar ɗan Adam take kwance gaba ɗayanta.

Me ya sa gudun gajeren zango ya fi tona asirin shekaru? A cikin tsokar mutum akwai zaruruwa iri biyu: masu jimiri, da masu fizga da ƙarfi nan take. Na biyun su ne jarin mai tsere, kuma su tsufa ke fara ci. Shi ya sa taƙin tsoho ke gajarcewa: yana iya ɗaga ƙafa kusan yadda ya saba, amma ƙasar da kowane taki ke cinyewa ta ragu. Ga agara da tsokar bayan cinya da ke saurin rauni, ga gajiyar da saurayi ke warwarewa a dare ɗaya, shi sai ya kwana biyu ko uku. Atisaye yana rage saurin wannan gangara, amma ba ya tsayar da ita.

A nan ne, ya kai mai karatu, na ga abin da ya sauya mini tunani. Muna zaton tsohon da ke tsere yana musun tsufansa ne. In aka duba da kyau, babu wanda ya amsa tsufansa kamarsa. Ni da ke zaune a inuwa ina iya ci gaba da ba yara labarin yadda nake kama zomo da ƙafa, babu mai ƙaryata ni. Shi kuwa ya kai jikinsa gaban agogo, kuma agogo bai san gaisuwa ba, bai san rawani ba. Bara ya ce masa sakan 13, bana ya ce 13 da rabi, ya karɓa, ya rubuta, ya dawo baɗi. Ba kowane mai furfura ke iya jin gaskiya game da kansa a bainar jama'a ya kuma gode ba.

Akwai wani abin lura. A wasannin matasa an sha kama masu rage shekaru. A wasannin dattawa kuwa mutum murna yake ranar da ya cika 50 ko 60, don ya zama auta a sabon rukuni. Shekarun da muke ɓoyewa da baƙin shuni, su a jikin riga suke liƙa su. Har ma takardar haihuwa ta zama dukiya: Fauja Singh, Ba'indiyen da ya gama gudun fanfalaki a Toronto a 2011 ana cewa shekarunsa 100, kundin Guinness bai amshi bajintarsa ba saboda ba shi da ita. Iyayenmu da yawa, waɗanda takardunsu ke cewa an haife su wajajen shekara kaza, da irin wannan katanga za su ci karo.

Ban ce kowane tsoho mai tsere yana kan daidai ba. An kama masu shan ƙwayoyin ƙara kuzari har a cikin dattawa, a gasar da ba ta da wani kuɗin kirki. Wannan shi ne ainihin mai jayayya da tsufa, don ya je gaban agogo da ƙarya a jininsa. Haka wanda ya tashi da rana tsaka, bai ga likita ba, bai shirya jikinsa ba, ya fizga don a yaba masa: in agara ta tsinke, iyalinsa ne za su yi jinya. Jiki amana ne. Abin da ya raba tsere mai kyau da maras kyau shi ne niyya da sanin iyaka, yawan shekaru ba ya cikin lissafi.

Game da faɗuwar girma kuwa, ya ishe mu abin da aka ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha har sau biyu, lokacin ya haura shekara 50. A na farko ita ta wuce shi, bayan wasu shekaru shi ya wuce ta. In an taɓa tsere wa mafificin halitta kuma darajarsa ba ta ragu da ƙwayar zarra ba, wane girma ne ni nake tsoron ya faɗi? Girman da ɗalibi ɗan shekara 18 zai iya kayarwa cikin sakan 12, dama can ba a tsaye yake ba.

Yanzu na gane abin da muka koya wa yara a wannan rana da muka ƙi tashi. Mun koya musu cewa mutum ba ya shiga abin da ba zai ci ba. Alhali kullum a aji muna cewa wanda ya faɗi jarrabawa ya sake gwadawa, muna rubuta sakamakonsu a allo kowa na gani. Mu kuwa mun ƙi a auna mu ko sau ɗaya.

Na je na ga likita, ya auna jinina da bugun zuciyata. Bayan sallar asuba nakan fita bayan gari, in fara da sassarfa, sannan in gwada mita 60 sau uku. Na san yaran za su wuce ni in ranar ta zagayo, kuma na san za a yi dariya. Ina fatan in isa layin ƙarshe da ƙafafuna, in tambayi mai riƙe da agogo nawa na yi, in rubuta. Allah ya ba mu tsufa mai albarka.