Haƙƙin Kunkurun Daji A Kanmu



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, babban kunkurun dajinmu yana ƙarewa, wanda ke gina rami mai zurfi ya ɓuya duk tsawon rani, sai damina ta sauka ya fito kiwo. A shekarar 2021 aka sa shi cikin dabbobin da duniya ke tsoron ɓacewarsu. Gandun Termit da Tin-Tumma, wanda hukuma ta keɓe a 2012, yana daga cikin wuraren da suka rage masa.

Keɓe hurumi ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Annabi (SAW) ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, domin maslahar al'umma. Saboda haka wanda ya shiga gandu ya ɗauko kunkuru ya ci amana.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba don mai saye ba, da maɗauki bai wahalar da kansa ba. Mu ne ke huda ƙwaryarsa mu ɗaure shi a tsakar gida, wai yana kare iyali daga sammu. Subhanallahi! Wannan camfi ne, kariya ta Allah ce Shi kaɗai. Shin mun manta da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare? Kunkuru kuwa yakan kai shekara 10 ko fiye kafin ya fara ƙwai. Macen da aka ɗauke, zuriya guda aka yanke.

Wanda ke da shi a gida, kada ya yar da shi bayan gari, ya miƙa shi ga ma'aikatan gandun daji. Allah Ya gafarta mana.