Mudun da Ake Auna Fuska da Shi

Da zarar an sa wa yarinyar da ke son shiga sana'ar tallan kayan sawa ranar ɗaukar hoto, sai shawarwari su yi ta zubo mata ta ko'ina. Wannan ta ce ta yi dilka da halawa, waccan ta ce ta nemi mai kwalliyar da ta iya zana gira, wata kuma ta raɗa mata sunan wani mai da zai "wanke" ta cikin mako biyu. A bakin mutane duk sunansu ɗaya, gyaran jiki. Amma shin abu ɗaya ne? A ina kwalliya take tsayawa, a ina yaudara da cutar da kai suke farawa?

Mu fara da abin da ba a gardama a kansa. Fata mai lafiya tana yin kyau a hoto, kuma hanyar samunta ba ta da tsada: isasshen barci, wanke fuska da sabulu marar kaifi, shafa mai da ke riƙe danshi musamman da hunturu, da kare fata daga zafin rana. Masu sana'ar suna gargaɗin kada a gwada sabon mai ana saura kwana biyu ko uku a ɗauki hoto, domin idan bai karɓi fata ba, ƙuraje za su feso a lokacin da babu damar gyara. Hoda da jan baki da gazal kuwa ado ne da kowa ya san ado ne. Wanda ya ga jan leɓe a hoto bai ɗauka haka aka haifi mai shi ba, kuma da dare ruwa da sabulu za su mayar wa mai fuska da fuskarta. Hasali ma, kamfanonin da ke ɗaukar masu talla sukan fara neman hoton fuska ba kwalliya, a hasken rana, don su ga mutum yadda yake.

Matsalar tana farawa ne lokacin da baƙar mace ko wankan tarwaɗa ta ga hotonta ya fito dishi-dishi, ko fuskarta ta yi toka-toka, sai ta yanke hukuncin cewa laifin fatarta ne. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma abin da sana'ar ta koya mini shi ne na'ura ba ta gani da kanta, abin da aka saita ta a kai take bi. Kyamara mudu ce, kuma an daɗe ana awo da lotsattsen mudu.

Tun daga shekarun 1950, masu wanke hoto da kayan Kodak suna daidaita launi ne da wani kati mai hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Idan fatarta ta fito daidai, an ɗauka komai ya yi daidai. Mai bincike Lorna Roth ta nuna cewa daga cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim ɗin har da koken masu sayar da cakulan da kujerun katako, waɗanda kayansu masu duhu ba sa fitowa da kyau a talla. A 2018, Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka gwada manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni uku. A wajen mata masu duhun fata kuskuren ya kai kashi 34.7 cikin 100, a wajen maza masu hasken fata kuwa bai wuce kashi 0.8 ba. Sai a 2021 Google ya fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6 don kyamara ta riƙa ɗaukar duhun fata yadda yake.

Haka abin yake a jakar mai kwalliya. A 2015, Nykhor Paul, mai tallan kaya 'yar Sudan ta Kudu, ta koka a Instagram cewa dole take zuwa manyan tarukan talla da kayan kwalliyarta, saboda masu kwalliyar ba su tanadi launin fatarta ba. Lokacin da Fenty Beauty ya fito da fandeshan kala 40 a 2017, duniya ta ɗauke shi babban labari, wanda hakan kansa ya nuna girman giɓin. Ko tokar da ke bayyana a fuska idan filashi ya haska, sau da yawa daga farar hoda ce da ke mayar da haske, kuma maganinta a gwada hoto ɗaya da filashi kafin a fara aiki.

Idan mudu ya lotse, mudun ake gyarawa, ba a zargin hatsi. Bilicin kuwa shi ne a niƙe hatsin don ya shiga lotsattsen mudu. Mayukan da ake haɗawa don ƙara haske sukan ƙunshi haidirokwinon, ko makuri, ko magungunan sitiroyid da likita kaɗai ya kamata ya rubuta. Sitiroyid yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, rauni ya daɗe bai warke ba. Haidirokwinon idan aka daɗe a kansa yana iya barin baƙin tabo mai wuyar fita, makuri kuma yana taɓa ƙoda. Shi ya sa Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana ta hana masu haidirokwinon a 2016, hukumar NAFDAC kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya a 2023.

Wani zai ce, "Malam, kana magana ne da cikakken ciki. Yarinyar nan aiki take nema. Idan mai shagon atamfa ko abaya fara yake ɗauka, kuma jama'a suna yi wa farar mace kirari da lantarkin gida, wa'azinka zai biya mata kuɗin makaranta ne?" Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ta sa ban yarda a ɗora wa yarinyar laifin duka ba. Ita ce mafi rauni a cikin sarƙar, kuma ita kaɗai ce ke biya da jikinta. Mai shagon zai sauya ta da wata gobe, mai hoto ya karɓi kuɗinsa, ita kuwa ta kwana da fatar har tsufa. Duk cinikin da riba ke tafiya ga wasu, hasarar dindindin ta tsaya kan mutum ɗaya, akwai zalunci a cikinsa ko da wanda aka zalunta ne ya sa hannu.

Saura gyaran hoto da kwamfuta, wanda ba ya taɓa fata amma yana taɓa gaskiya. Goge ƙurjin da ya fito yau zai baje jibi, ban ga aibinsa ba. Amma idan hoton tallan man fata ne, aka kuma sumulce fatar da manhaja, an sayar wa mai saye abin da babu. Kan wannan ne hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta hana tallan Lancôme mai hoton Julia Roberts a 2011. Faransa ma tun 2017 ta wajabta a rubuta cewa an taɓa hoto idan an rage ko an ƙara jikin mai talla. Mu masu rubuta manhaja muna da namu kason: duk filtar da ke haskaka fata da sirantar da hanci da sunan ƙawatawa, wani ne ya zauna ya yanke cewa hakan ne kyau, ya kuma cusa hukuncinsa a aljihun miliyoyin 'yan mata.

Don haka, 'yar'uwa mai shirin tsayawa gaban kyamara, ga tambayoyi uku kafin ki shafa komai ko ki yarda a taɓa hotonki. Zai fita idan kin so ya fita? Mai kallo ya san an yi shi? Wanda ya san ki zai gane ki a hoton? Idan amsar duka e ce, yi adonki son ranki. Idan mai hoto ya ce kin yi duhu, ki ce ya ƙara fitila ya gyara saitin kyamararsa, domin aikin da aka biya shi ke nan. Alek Wek ta hau bangon mujallar Elle a 1997 da baƙar fatarta, Agbani Darego ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2001 da tata.

Mu masu kallo kuma, da yatsanmu muke gaya wa mai shago irin fuskar da zai ɗauka gobe. Kafin mu yi wa mai bilicin dariya, mu duba hotunan da muka danna wa alamar so a wannan mako.