Ranar 4 ga Oktoba: Waliyyi Fransis da Ƙofar Doka



Damina ta juya baya, kaka ta kunno kai. Gero ya shiga rumbu, dawa tana nuna a gonakin ƙasar Zazzau. A cikin wannan lokaci na godiya ne Ekklisiya take yin idin Waliyyi Fransis na Asisi, ranar 4 ga Oktoba.

Rana ce mai tarihi. A shekarar 1582, mutanen Roma sun kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba suka wayi gari ranar Juma'a 15 ga wata, domin Paparoma Giregori na Goma sha Uku ya gyara kalanda, wadda ita ce muke aiki da ita har yau. A daren nan ne Waliyyiya Teresa ta Abila ta rasu. A wannan rana a 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya, inda 'ya'yan Musulmi da na Kirista suke zama aji ɗaya. A wannan rana kuma a 1965 Paparoma Bulus na Shida ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, ya roƙi ƙasashe su daina yaƙi. Amma ga mu mazauna gefen ganuwar Zariya, darasi mafi girma yana cikin rayuwar mai idin.

Fransis ɗan attajiri ne mai fataucin yadi a garin Asisi na ƙasar Italiya. Yana saurayi ya tafi yaƙi da garin Perujiya, aka kama shi, ya yi kusan shekara guda a tsare. Ya san ɗacin yaƙi a jikinsa. Bayan ya tuba ya bar dukiyar mahaifinsa, ya shiga hidimar kutare waɗanda a dā yake ƙyamar gani.

A shekarar 1219 rundunar Kiristocin Turai ta kewaye birnin Dimyat a ƙasar Masar. Jini yana zuba ta kowane gefe. Sai Fransis ya fita daga sansani tare da ɗan'uwa guda, ba takobi ba garkuwa, ya nufi sansanin Musulmi, ya nemi ganin Sarki Malik al-Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin. Kowa ya ɗauka ajalinsa ne ya kira shi. Sarkin ya karɓe shi da mutunci, ya saurare shi na 'yan kwanaki, sannan ya sallame shi lafiya. Fransis ya yi shaidar Yesu a fili, bai ɓoye bangaskiyarsa ba, bai kuma zagi addinin mai masaukinsa ba. Sarkin ya tsaya a kan Musuluncinsa, Fransis ya koma yana Kirista, amma kowannensu ya ga bawan Allah a fuskar ɗan'uwansa.

Ku lura da ƙarshen al'amarin. Rundunar ta ci Dimyat a watan Nuwamba na wannan shekara, ta kuma rasa shi a 1221. Nasarar takobi ba ta kai shekara biyu ba. Ziyarar matalaucin nan kuwa, bayan shekara ɗari takwas ana tunawa da ita. Marigayi Paparoma Fransis ya ambace ta a wasiƙarsa kan 'yan'uwantakar 'yan Adam, wadda ya sa wa hannu a kabarin waliyyin ranar 3 ga Oktoba, 2020.

Da Fransis ya dawo, ya rubuta wa mabiyansa ƙa'idar zama a cikin Musulmi. Ya umurce su kada su shiga gardama ko jayayya, su zauna da tawali'u, su kuma amsa cewa su Kiristoci ne. Wa'azi da baki sai lokacin da suka ga Allah ya buɗe hanya.

'Yan'uwa, mu ma muna da ƙofar da muke ratsawa. Wanda ya taso daga Tudun Wada zai shiga birni, ta Ƙofar Doka yake bi. Wasunmu suna ratsa ta kullum, malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya, ɗan acaɓa da mai sana'a. Tambayar ita ce, da wace zuciya muke shiga? Manyanmu ba su manta da watan Maris na 1987 ba, lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone wuraren ibada, aka yi asarar rayuka. Ban ce ku yi kamar abin bai faru ba. Amma idan tsoro da zargi kaɗai muka bar wa yaranmu gado, mun gina ganuwa a zukatansu wadda ta fi ta birni tsawo, kuma babu ƙofa a jikinta.

Ubangijinmu, a Bishara ta hannun Matiyu sura ta biyar, ya sa wa masu ƙulla zumunci albarka, ya ce su za a kira 'ya'yan Allah. Hausawa kuma sun ce zumunci a ƙafa yake. Fransis da ƙafarsa ya taka. Saboda haka ina roƙon kowane gida ya yi abu uku a wannan wata na Rosari. Ku je gaisuwar rasuwa ko barkar suna a gidan maƙwabci Musulmi, kada ku jira sai an aiko. Idan jita-jita ta shigo wayarku, ku binne ta a nan, kada ku tura wa kowa. Idan an tambaye ku addininku, ku amsa da gaskiya da ladabi, ba kunya ba girman kai.

Fransis ya rasu da yammacin 3 ga Oktoba, 1226, yana da shekara arba'in da 'yan kai, bai bar gida ko gona ba. Allah ya ba mu irin ƙarfin halinsa, ya tsare shigarmu da fitarmu, ya zaunar da ƙasar Zazzau da Nijeriya lafiya.

Waliyyi Fransis na Asisi, ka yi addu'a dominmu. Amin.