Shirun Yaro Mai Otizim da Ma'anar Hankali

Malaman mantiƙi sun ce mutum dabba ce mai furuci, amma tunani suke nufi da furucin. Ke nan shirun yaro mai otizim ba lallai ne ya nuna rashin hankali ba. A wani bincike da aka wallafa a 2004, Marcel Just da abokan aikinsa a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu otizim suna karanta jimloli. Sun ga sassan harshe na ƙwaƙwalwar suna aiki, sai dai ba sa tafiya tare sosai. Wani zai ce ai manya masu magana aka gwada, ba yara ba. Gaskiya ne, kuma dole a yi hattara. Duk da haka, yaron da ya kamo hannun uwarsa ya ɗora kan murfin randa ya san abin da yake so, ya kuma san wa zai ba shi.