Bimbinin Safiya: Ka Sha, Ka Sakar Wa Na Ƙasa

 

A tsakiyar Jihar Jigawa akwai hanyoyin da mota ba ta bi. Ba hukuma ce ta hana ta ba, yashi da laka ne suka yanke hukuncin. Wanda ya baro Dutse ya wuce Shuwarin da Kiyawa, ya nufi Jahun, in ya sauka daga kwalta wajajen Harbo ko Miga zai tarar da turbobi sun ratsa tsakanin gonakin shinkafa, wasu a kan jinga, wasu tsohon burtali ne. Masu bin su su ne 'yan ƙafa, da jakuna, da amalanken shanu, da babur jefi-jefi, sai kuma keke. Ka taka feda ka hau jigawa, taya ta nutse cikin rairayi har sai ka sauka ka tura, sannan ka gangaro fadama inda ƙasa ta yi baƙi, iska ta yi sanyi, balbela na bin sawun garke.

Mai keke yana tafiya daidai saurin da sallama za ta iya riskarsa. Zai ce wa dattijon da ke duƙe a kwami, "Sannu da aiki, Baba, ya ruwa?" ya kuma ji amsar kafin ya wuce: "Ruwa ya yi gyara, ɗana. A sauka lafiya." Wanda ke cikin mota bai san an yi wannan ba. Sannu ba ta hana zuwa, kuma mai tafiyar sannu shi ne ke da sararin duban ruwan da ke gefensa ya tambayi kansa daga ina ya fito, kuma wa ke jiransa a gaba.

To mu tambaya da safiyar nan. Ruwan da ke kwance a fadamun Ringim, Taura, Miga da Auyo ba a nan aka haife shi ba. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil ya shigo Jigawa. Ba a nan kuma zai tsaya ba: zai bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru, ya gamu da ruwan Jama'are, abin da ya rage ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Manomin Miga yana ƙasa da na Kura, amma yana sama da masuncin Nguru. Duk wanda ke gaɓar nan akwai wanda yake jira, akwai kuma mai jiransa.

Mun ga abin da ke faruwa idan aka taɓa ruwa daga sama. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, wannan ba abin musu ba ne. Amma sun canza halin kogin. Da, yakan cika da damina ya malale fadama, ya janye da rani ya bar danshi a shuka. Da ruwa ya koma gudu kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe, janbaki ya samu maɓoya yana fitowa ya aske shinkafa. Wanda ya buɗe ƙofar madatsa bai taɓa ganin fuskar wanda kacala ta cinye wa gona ba, kuma ba lallai ne ya yi nufin cutar da kowa ba. Sai dai rashin nufi bai mayar wa kowa gonarsa ba.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. A Madina akwai rafukan da sukan kawo ruwa in an yi sama, mutane na ban-ruwan dabino da su, kuma gardama takan tashi tsakanin na sama da na ƙasa. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi game da biyu daga cikinsu, Mahzur da Muzainib: wanda ruwa ya fara isowa ya tare shi a gonarsa har ya kai idon sawu, daga nan ya sake shi ga na ƙasa.

Mu ɗan tsaya a nan, don hukuncin ya fi yadda ake ganinsa zurfi. Ba a ce wa na sama ya haƙura da rabonsa ba. Shi ne farko, ya sha, ya ƙoshi, babu laifi a kansa. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalin masu jin kamar tsoron Allah yana nufin mutum ya bar gonarsa ta ƙone. Amma an yi wa ƙoshinsa iyaka, ba a bar wa zuciyarsa ta faɗi lokacin da ya isa ba, domin zuciya ba ta taɓa cewa ya isa. Sannan dubi inda aka ajiye ma'aunin: a ƙafar mai gonar. Ba ya bukatar injiniya, ba ya bukatar alƙali. Ya shiga kwaminsa kawai ya duba ƙasa. Ko da tsakar dare ne, ko babu wanda ke kallo, shi ya san ruwa ya wuce idon sawu ko bai wuce ba. Allah kuma Ya sani.

Mutanen Holan, can bakin teku a Turai, wuya ce ta koya musu irin wannan darasi. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasarsu yana ƙasa da tsayin teku, jinga ce ke riƙe da ruwan. Tun ƙarni na 13 suke da majalisun kula da ruwa, kuma a da kowane mai gona akwai yankin jingar da aka ɗora masa gyaransa, don ɓaraka ɗaya ta isa ta nutsar da gari. Har yau zaɓen waɗannan majalisu ake yi. Ambaliyar 1953 ta kashe musu mutum sama da 1,800, ba su manta ba. A yau suna da hanyoyin keke fiye da kilomita 30,000, da yawa a kan jingar nan suke, baƙi na biyan kuɗi su zo su hau keke su yi kallon fadama da tsuntsaye. Abin kallo dai mu ma ba mu rasa ba. Dausayin Baturiya da ke Kiri Kasamma ya shiga jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2008, kuma da hunturu tsuntsaye kan ƙetaro Sahara daga Turai su sauka a can tare da kirinjijiya da dinya. Abin da na fi yi wa mutanen Holan sha'awa ba keken ba ne, yardar da suka yi ce cewa jinga ta kowa ce.

Mu kuwa, wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Miga da Kafin Hausa ya ga duka fuskokinmu biyu. Ya ga samari sun kwana cikin ruwa suna jera buhunan ƙasa don kare garin da ba su da ko ɗaki a cikinsa. Ba kuma baƙon abu ba ne a ƙasar fadama a ji wani ya ɗaga jingarsa ya karkatar da ruwa gonar maƙwabci, ko ya wanke tankin feshi a tafkin da mata ke ɗiba, ko ya sa koma mai ƙananan ido ya kwashe har 'ya'yan kifi. Da rani, mai babban inji yakan kwana yana zuƙa, tiyo na ambaliya a banza, mai ƙaramin inji a ƙasa yana jiran abin da ba zai zo ba.

Kada mai karatu da ke zaune a Takur ko a wani ofis cikin Dutse ya ce shi ba shi da gona a fadama. Fayil ɗin ɗan fansho da ya kwana uku a kan teburinka ruwa ne da ya wuce idon sawu. Haka kuɗin leburan da ya gama aiki jiya, da gadon ƙannenka mata da kake cewa kana juya musu, da zakkar da ta cika shekara, da sana'ar da ka ƙi nuna wa yaron shagonka sirrinta don kada ya tsaya da ƙafarsa. Duk ta hannunka suka biyo, ka kuma ci halalinka a ciki. Saura na ƙasa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka ɗaura takalmi, kafin ki ɗora tukunya, a ambaci sunan mutum ɗaya da ke jiran abin da ke hannunmu. Ba jama'a ba, mutum ɗaya, da sunansa. A sakar masa kafin azahar.

Ya Allah, Ka ba mu ruwa mai albarka, Ka tsare mutanen gaɓar Kogin Haɗeja daga ambaliya da fari, Ka kiyaye matafiya na ƙafa da na keke, kada Ka kama mu da haƙƙin wanda ke ƙasa da mu. Amin. A fita lafiya.