Mazan Jiya, Ina Aikin Yau?

Da wuya a sami wani daga cikinmu da bai taɓa ganin dattijo sanye da koɗaɗɗen kaki a ƙofar banki, ko ta makaranta, ko ta gidan wani attajiri ba, yana buɗe wa motoci ƙofa yana ƙamewa. Irin waɗannan mutane mukan kira su mazan jiya. Suna ne na girmamawa, babu shakka. To amma idan muka tsaya muka auna shi da kyau, za mu tarar akwai wani hukunci da ya ɓuya a cikinsa, watau mutumin nan namiji ne, amma fa a jiya. Yau kuma fa? Abin da muke so mu tattauna ke nan: shin wane irin bashi ne tsohon soja yake bin al'ummar da ta tura shi fagen fama, kuma da me ake biyan sa?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce kuɗi. A biya shi garatuti, a riƙa ba shi fansho duk wata, shi ke nan an rabu. Ba mu raina wannan amsa ba, domin tarihi ya nuna abin da kan faru idan aka hana. A shekarar 1932 dubban tsofaffin sojojin Amurka da suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya suka yi sansani a birnin Washington suna neman a biya su wani kuɗi da aka yi masu alkawari, sai gwamnati ta turo masu sojoji da tankoki da barkonon tsohuwa, aka ƙone bukkokinsu. A nan kusa da mu kuwa, ran 28 ga Fabrairun 1948, mazan jiya a Akara suka ɗauki takardar koke a kan fansho da rashin aikin yi za su kai wa Gwamna, 'yan sanda suka buɗe wuta, uku daga cikinsu suka faɗi matattu. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta samun mulkin kan Ghana. Saboda haka fansho haƙƙi ne, ba sadaka ba, kuma duk abin da za mu faɗa nan gaba kada a ɗauke shi a matsayin uzuri ga mai riƙe wa tsoho kuɗinsa.

Amma a ce an biya, daidai wa daida. Bashi ya ƙare ke nan? Mu dai muna ganin bai ƙare ba.

A shekarar 1933 wasu masana a ƙasar Ostiriya, cikinsu har da Marie Jahoda, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a wani ƙauye mai suna Marienthal, inda masaƙar da kusan kowa ya dogara da ita ta rufe. Mutanen suna samun ɗan tallafi, ba yunwa ce ta kashe su ba. Abin da ya mutu shi ne lokaci. Maza suka koma tafiya a hankali, suna tsayawa a hanya babu dalili. Aron littattafai a laburaren garin ya ragu duk da cewa an daina karɓar ko kwabo. Watau aiki ba abinci kaɗai yake ba mutum ba, yana ba shi dalilin tashi da asuba, da abokan hira, da amsar da zai bayar idan aka tambaye shi, "Malam, me kake yi?" To idan haka abin yake ga masaƙi, ina ga soja, wanda shekara ashirin ko talatin bigila ce take tashinsa, ita take kiransa fareti, ita take kwantar da shi? Ranar da ya tuɓe kaki, ba albashi kaɗai ya rabu da shi ba. Ya rabu da agogonsa da danginsa na bariki a rana guda.

Ƙasashe sun daɗe da gane haka. Tun 1918 Amurka ta yi dokar koya wa sojojin da suka naƙasa sana'a, a 1944 kuma ta yi wata babbar doka wadda a ƙarƙashinta tsofaffin sojoji kusan miliyan takwas suka yi karatu ko suka koyi aikin hannu, ko da yake baƙaƙen fata da yawa, musamman a jihohin kudu, an toshe masu hanyar cin moriyarta. A Nijeriya, inda yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar soja daga kimanin mutum 10,000 zuwa kimanin 250,000, akwai cibiya a Oshodi ta Legas wadda ke koya wa sojoji masu shirin barin aiki sana'o'i irin su kafinta da walda da ɗinki da kiwo. Duk wannan a kan fahimta ɗaya aka gina shi: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai dai a nan ne ainihin gardamar take. An yarda a ba shi aiki, to a ina, kuma tare da wa?

Hanyar da aka fara bi ita ce ta keɓewa. A Ingila, a 1922, aka kafa wata masana'anta inda naƙasassun sojoji ke haɗa jajayen furannin nan da ake maƙalawa a ƙirji ranar tunawa da mazan jiya. A 1945 kuma gwamnatin ƙasar ta kafa kamfanin Remploy, mai masana'antu da dama na naƙasassu. Tausayi ne ya kawo wannan, kuma kada mu yi masa butulci: mutumin da ya rasa ƙafa ya sami wurin da ba mai kallonsa, ba mai yi masa gori, kowa irinsa ne. To amma inuwar da ta kare ka daga rana ita ce kuma take ɓoye ka daga idon jama'a. Wanda ya shiga irin wannan wuri da niyyar ya ɗan murmure kafin ya fita kasuwa, sau da yawa a nan yake tsufa. Jama'ar gari kuwa hankalinsu ya kwanta, sun taimaka, kuma ba sai sun zauna benci ɗaya da shi ba. A 2013 aka rufe masana'antun Remploy na ƙarshe, ita ma masana'antar furanni ta mai da ƙarfinta wajen nema wa tsofaffin sojoji aiki a cikin garuruwansu.

Hanya ta biyu ta juya abin ne gaba ɗaya. A farkon shekarun 1990, a jihar New Hampshire ta Amurka, Deborah Becker da Robert Drake suka tsara wata dabara domin masu fama da larurar ƙwaƙwalwa. Da can cewa ake yi: warke tukuna, koyi aiki tukuna, sa'an nan mu nema maka. Su kuwa suka ce a nema masa aikin gaske tun yanzu, a kanti ko gareji ko ofis, da albashi irin na kowa, a ci gaba da magani da horo yana kan aikin. Duk wanda ya ce yana so, ba a mayar da shi baya don ciwonsa. Shi zai faɗi irin aikin da ransa yake so. Jami'in da aka ɗora wa nauyinsa ba a ofis yake wuni ba. Yawo yake yi ƙofa ƙofa yana sanin masu ɗaukar ma'aikata, yana zama da likitocin mutumin, yana lissafa masa yadda albashi zai shafi kuɗin tallafinsa. Bayan an sami aikin kuma ba ya sallamarsa, domin samun aiki daban, riƙe shi daban. Tsohon sojan da ƙarar faɗuwar ƙarfe ke mayar da shi fagen daga, ko wanda bai yi barci ba jiya saboda munanan mafarkai, ko wanda ya saba a ba da umurni a bi nan take, ga shi yanzu ƙarƙashin yaron da bai kai sa'an ɗansa ba, a mako na uku ne ko wata na biyu yake bukatar mai riƙe masa hannu, ba ranar da aka ɗauke shi ba.

An gwada wannan a kan tsofaffin sojoji. A 2018 Lori Davis da abokan aikinta suka buga sakamakon gwajin da aka yi a asibitocin mazan jiya 12 na Amurka, da mutum 541 masu fama da ciwon firgicin da kan biyo bayan tashin hankali. Aka raba su biyu. Kashi 38.7 cikin ɗari na waɗanda aka kai kai-tsaye cikin gari sun zama masu tsayayyen aiki, watau sun yi aiki aƙalla rabin watanni 18 da aka bi sawunsu. A ɓangaren waɗanda aka fara ba aikin wucin gadi a keɓe kuwa, kashi 23.3 ne.

Mai karatu zai lura cewa ko a ɓangaren da ya yi nasara, shida cikin goma ba su kai ga gaci ba. Wannan ya isa ya hana mu yin alfahari. Akwai wanda rauninsa ya yi tsananin da inuwar nan ta keɓewa ita ce rahama a gare shi, kuma zalunci ne a rushe masa ita da sunan 'yanci alhali ba a gina masa komai a madadinta ba. Abin da muke ƙi shi ne a yanke wa mutum hukuncin cewa ba zai iya ba tun kafin a bar shi ya gwada.

Saura ƙorafin da ya fi kowanne nauyi a ƙasa irin tamu. Ga matashi ya gama jami'a shekara biyar yana yawo da takardu, takalminsa ya cinye. Don me za a sa wa tsohon soja jami'i na musamman, shi kuwa a bar shi da rana? Ai soja albashi aka biya shi. Masu amsa wannan sukan ce saboda jarumtaka ne, lada ce ta sadaukar da rai. Mu ba mu gamsu da wannan ba, domin in lada ce, to kuku da direban bariki ba su da rabo, haka ma wanda aka tura yaƙin da daga baya kowa ya yi tir da shi, kamar na Biyetnam. Hujjar da muka fi yarda da ita ta gyara ce. Hukuma ta ɗauki yaro ɗan shekara goma sha takwas, a daidai lokacin da tsaransa ke koyon sana'a suna tara abokan ciniki, ta koya masa abin da ba a sayensa a kasuwa, ta sake masa hali da gangan don ya dace da bukatarta, wani lokaci ta dawo da shi da rauni a jiki ko a zuci. Wanda ya lanƙwasa ƙarfe shi ya kamata ya miƙe shi. Wannan hujja kuma ita da kanta ta shata iyaka: haƙƙinsa ne a raka shi har bakin ƙofa a kuma tsaya masa, amma ba haƙƙinsa ba ne a ɗora shi a kujerar da ba zai iya ba a ture wanda ya iya. Kuma ta shafi har wanda aka ci da yaƙi. Naƙasassun sojojin Biyafara da suka shafe shekaru suna bara a bakin titi a Oji River, su ma yara ne da manya suka tura.

Akwai wani ƙulli guda da ya rage a hannun shi jami'in. Ya je wurin mai gareji yana nema wa mutuminsa aiki. Ya faɗa masa cewa mutumin yana shan maganin firgici, ko ya yi shiru? In ya faɗa, wataƙila a rufe ƙofa, don mutane da yawa sun ɗauka duk wanda ya dawo daga yaƙi bam ne mai jiran fashewa, mu marubuta ma ba mu wanke hannunmu daga yaɗa wannan hoto ba. In ya yi shiru, mai gareji ba zai san dalilin da zai sa ya matsar da shi daga kusa da injin mai ƙara ba, kuma ranar da abin ya taso zai ce an yaudare shi. Wani zai ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To amma cibiyar wa? Dokar Amurka ta 1990 ta hana mai ɗaukar ma'aikata tambayar mutum naƙasarsa kafin a yi masa tayin aiki, masu wannan dabara kuma suka bar zaɓi a hannun mai ciwon: jami'i zai baje masa riba da hasarar kowace hanya, sa'an nan ya bi abin da ya zaɓa. Idan ya ce a rufa masa asiri, jami'in ba zai taka ƙafa a garejin ba. Sai dai su yi alkawari a wani wuri can nesa bayan an tashi daga aiki, su zauna, ya tambaye shi yadda makon ya kasance, da ko ya sami barci.